Kwalaben da Yaya Ta Binne

Shekara arba'in da ɗoriya ina juya hanjin dabbobi, ban taɓa kawo wa raina cewa wata rana zan kwanta in kalli nawa ba. Mu rundawa ne, wato mahauta, gaba da baya. Ubanmu fawa ya yi, kakanmu ma haka, ni kuwa ɓangaren kayan ciki na faɗa tun ina saurayi: tumbi, hanta, huhu, hanji. Da na fito masallacin asuba sai kwata, in karɓi rabona da ɗuminsa, in tsugunna bakin famfo in hau wanki. Wanda bai san sana'ar ba yakan toshe hanci ya wuce, ni dai wallahi ban ga abin ƙyama a cikinta ba. Da ita na yi aure, da ita na gina ɗan gidana a Gidan Dahala, da ita na aurar da 'ya'ya mata uku. Kuma ba yabon kai ba, in ka miƙo mini hanjin saniya, kafin in kai ƙarshensa zan gaya maka ko da lafiyarta aka kayar da ita.

Mu uku uwarmu ta haifa. Akwai babban wanmu da muke kira Babba, sai Yaya, mace tilo a tsakiya, sai ni, wanda har yau da furfurata Yaya ba ta kira na komai sai Auta. Babba ƙato ne, shi kaɗai yake murɗe wuyan bijimi ya kai shi ƙasa yana dariya. Ya daɗe yana ganin jini in ya zaga, yana cewa basir ne, yana shan sassaƙe. Da aka kai shi asibiti aka duba sai aka ce sankarar hanji ce, kuma ta riga ta yi nisa. Yaya ce ta yi jinyarsa a gidanmu na gado da ke Ƙofar Rini, inda ta koma da zama tun rasuwar mijinta. Wata huɗu ya yi a kwance, Allah Ya karɓi abinSa.

Tun a lokacin likita ya ce mu da muke ciki ɗaya da shi mu zo a leƙa namu hanjin, don abin yakan bi jini. Na ce to, na kama gabana. Shekara uku ina cewa sai mako mai zuwa. Sai wata safiya ni ma na ga jini. Ba mai yawa ba ne, amma nan take na tuna da Babba. Ranar ban je kwata ba, asibiti na nufa.

Likitan da aka tura ni wurinsa ba zai wuce sa'ar babbar 'yata ba, siriri mai tabarau, kuma bai da gaggawar magana. Ya ce akwai wani dogon tiyo mai ido da fitila a kai, za a sa shi ta ƙasa a bi babban hanji har ƙarshe. In an ga wani ɗan tsiro, nan take za a cire shi, ba sai an tsaga ciki ba. Ya ce yawancin irin waɗannan tsiron ba kome ba ne, amma wasu in an bar su shekaru suna rikiɗewa su zama irin abin da ya kashe wana. Na ji kunya, ba zan ɓoye ba. Dattijo da ni a kwaɓe mini wando? Amma tsoro ya fi kunyar ƙarfi, na karɓi rana.

Aka ba ni maganin wankin ciki, aka hana ni tuwo da nama yini guda, nas ta ja mini kunne kada in kuskura in sha zoɓo don jansa yana kama da jini a ciki. Wannan magani, Allah Ya isa! Ni da nake wanke hanjin wasu, sai ga shi an sa ni wanke nawa, ina zarya tsakanin tabarma da makewayi har buta ta gaji da ni. Sharaɗi na ƙarshe shi ne in zo da wanda zai mayar da ni gida. Maiɗakina ta tafi ƙauye wajen 'yarmu da ta haihu, don haka dole na gaya wa Yaya. Washegari na tarar da ita a ƙofar gidana da mayafinta da carbinta, ta riga mai Keke Napep ma isowa.

A ɗakin aikin likita ya ce za a yi mini allurar barci. Na ce a'a, ina so in gani. Ya dube ni ta saman tabarau, ya tambayi sana'ata, da na gaya masa sai ya yi murmushi ya ce, "To Baba, za mu ba ka kaɗan dai don kada iska ta dame ka. Ga allo nan gabanka, yau kai ne mai duba aikinmu." Aka kwantar da ni a gefen hagu, aka lulluɓe ni da zane ta yadda ba abin da ke waje sai inda aiki ya shafa. Wannan sutura ta kwantar mini da hankali ƙwarai.

Sai ga hanjina a talabijin. Subhanallahi! Jaja-jaja, sumul, yana sheƙi, da 'yan jijiyoyi siri-siri a kwance. Na ce, "Likita, wannan hanjin lafiyayyen ɗan maraƙi ne." Ya ce in bari tukuna mu kai ƙarshe, don a hanyar dawowa ake duba da kyau. Yana tura tiyon yana hura iska don hanyar ta buɗe, cikina ya cika fam kamar na ci wake da yawa, amma zafi dai babu. Da ya kai ƙarshe ya fara janyewa a hankali, yana leƙa bayan kowane lanƙwasa, yana watsa ruwa yana tsotsewa.

Na farko da muka gani bai fi ƙwayar gero ba. Da ni ne a bakin famfo da ban ma kula shi ba. Likita ya ce wa nas ta ba shi hantsaki, ta zura wata doguwar waya ta cikin tiyon, sai ga ɗan baki ya ɓullo a allo, ya buɗe, ya cafke tsiron gaba ɗaya, ya fizge. Ɗigon jini ya fito ya tsaya. Ban ji kome ba, ko cizon sauro ya fi shi. Likita ya ce fatar cikin hanji ba ta jin yanka. Ya ƙara da cewa hantsaki na irin waɗannan 'yan mitsi-mitsin ne kawai, wanda baki ɗaya zai ɗauke, don in tsiron ya ɗara haka hantsakin yakan bar saura, saura kuwa yana sake tsirowa.

Na biyu ya kai ƙwayar dawa babba. Shi kuma zarge aka yi masa. Wata siririyar waya ce ta fito ta buɗe ta zama zobe, likita ya ɗora ta a kan tsiron, ya danna ƙasa har ta haɗa da ɗan lafiyayyen nama a kewaye. Ya ce, "Rufe." Nas ta tsuke da sauri, ƙit, abin ya rabu. Na ce, "Ka haɗa da mai kyau." Ya ce da gangan ne, gara a ɗebi mai kyau kaɗan a tabbata ba a bar gefe ba. Na gane wannan sarai, don mu ma in mun ga tabo a hanta ba daidai bakin tabon muke sa wuƙa ba. Jini ya ɗan yi gudu, ya wanke shi da ruwa, muka zuba masa ido mu uku har ya daina. Sannan ya tsotse ɗan naman ta cikin tiyon ya faɗa wani ɗan mataci, nas ta ɗauke.

Na uku yana da wuya, yana reto. Nan likita ya ce sai an sa wuta, don akwai jijiyar jini a cikin wuyan, in aka yanke ta haka nan za ta yi ta zuba. Suka manna mini wani faffaɗan abu mai sanyi a cinya. Ya sarƙafa zargen a tsakiyar wuyan, ya ɗaga shi daga bangon hanji, ya ce wa nas wannan karon a hankali, kada ta riga shi. Ya taka wani abu da ƙafa, na'ura ta yi ƙara, wuyan ya yi fari, ta ci gaba da tsukewa sannu sannu har ya faɗi. Ko ɗigo bai fito ba. Na lura yadda hannunta da ƙafarsa suke tafiya tare ba tare da sun dubi juna ba, na ce a raina waɗannan sun daɗe suna aiki wuri ɗaya.

Har na fara murna an gama, sai na ga likita ya daina janye tiyon. Ya tsaya a wani wuri, ya wanke, ya matso da idon tiyon. Ni ban ga kome ba da farko. Can sai na gane shi: wani abu shimfiɗaɗɗe, faɗinsa kamar farcen babban yatsana, launinsa ya ɗan fi na kewaye duhu, ba wuya ba kai, ya kwanta lif da bango. Likita ya ce, "Baba, wannan ne ba na so." Ya ce bangon hanji a nan siriri ne, in ya sa zarge da wuta kai tsaye yana iya huda shi. Don haka zai fara ɗaga tsiron tukuna. In ya ɗagu, alama ce mai kyau. In ya ƙi, to saiwarsa ta shiga ciki, ba zai taɓa shi ba, sai dai a yi maganar tiyata.

Wata 'yar allura ta leƙo daga bakin tiyon, ya soka ta a gindin abin, nas ta tura wani ruwa mai shuɗi-shuɗi. Ni dai salati nake yi. Sai na ga wurin yana kumbura, yana tasowa, tsiron ya hau kan tudun ruwa ya zauna ɗas, ya rabu da naman ƙasa. Ban san lokacin da na ce, "Likita, ai hura akuya ka yi!" ba. Ya ce me ke nan? Na ce in za mu feɗe jar akuya, wadda majema ke jiran fatarta, ba ma son wuƙa ta huda ta ko kaɗan. Sai mu tsaga ƙafa mu hura iska, fata ta tashi daga nama, sannan a feɗe lafiya lau. Nas ta tuntsire da dariya, ni ma na fara, likita ya ce, "Baba, don Allah daina, cikinka na motsi!" Na haɗiye dariyata. Ya ɗora zargen ya kewaye tudun duka, ya taka wuta, abin ya fita guda ɗaya cur. Ƙasan wurin ya bayyana shuɗi, ba rami. Ya sa wasu 'yan ƙarafa biyu masu baki ya tsuke gefe da gefe, ya ce da kansu za su fita in wurin ya warke.

Kafin a gungura ni waje ya nuna mini 'yan kwalabe biyu na roba, da ruwan da ke hana nama ruɓewa. Ƙananan ukun suna cikin ɗaya, shimfiɗaɗɗen shi kaɗai a ɗaya. Ya ce za a kai ɗakin gwaji a yanka su a duba, nan ne kawai za a san ko na huɗun ya riga ya rikiɗe, da kuma ko an cire shi duka. Na ce to. Daga nan allurar da gajiyar jiya suka haɗu suka danne ni, na yi barci a kan gadon hutawa. A asibitin nan 'yan uwan majiyyaci ne ke kai kwalba ɗakin gwaji da kansu, can ƙarshen harabar yake. Ina barci nas ta ɗaure kwalaben a leda da takardarsu, ta ba Yaya, ta nuna mata hanya. Yaya ta ce to.

Na koma gida, na sha kunu, kwana biyu na koma kwata. Abokan sana'a suka yi ta tsokana wai an leƙa Sarkin Hanji, don haka suke kirana, ni kuma na ba su labarin hura akuya har sai da suka gaji da ni. Amma a ƙasan raina shimfiɗaɗɗen nan yana nan zaune. Da mako ya cika na je ɗakin gwaji in ji ko da labari. Mutumin ya buɗe littafi, ya bi da yatsa, ya sake bi, ya ce ba a kawo kome da sunana ba. Na koma wajen nas, ta rantse ta ce a hannun yayata ta sa. Aka kira likita. Ya cire tabarau ya murza ido, ya ce in kwalaben suna rufe kuma ba su sha rana ba, har yanzu suna da amfani, in nemo su. In sun ɓata, to ba wanda zai iya gaya mini abin da ke cikin na huɗun, sai dai a yi ta leƙawa ana jira a gani.

Tun daga asibiti har Ƙofar Rini ina huci. Na tarar da Yaya a tsakar gida tana tsintar shinkafa a faifai. Ko gaisuwar kirki ban yi ba.

"Yaya, ina kwalaben da anka ba ki?"

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Na binne su."

"Kin mi?"

"Na binne su, Auta. Naman ɗan Adam na. Ko kai da kaka yanka dabba ka san ba a barin naman mutum hannun baƙi su yi ta yayyankawa. An cire ma ciwo, na sa shi ƙasa, magana ta ƙare."

Kai! Ranar na yi abin da ban taɓa yi ba, na ɗaga wa Yaya murya. Na ce wa ya aike ta? Na ce malamai ma da kansu zuwa suke a yi musu gwaji, ita ce ta fi su sanin addini? Na ce raina ne fa a cikin robar nan! Ta bar ni na yi ta zuba har na gaji, tana ta tsince tsakuwa tana yarwa. Da na tambayi inda ta binne, sai ta ce ta manta. Yaya da ke tuna launin zanen da uwarmu ta ɗaura ranar sunana, wai ta manta. Na buga ƙafa na fita, har na yi tuntuɓe da turmi.

Washegari bayan la'asar na dawo, don na san halinta, in ka matsa mata sai ta ƙara ƙanƙamewa. Na zo mata da hanta mai kyau, na gaishe ta yadda ya kamata, na ba ta haƙuri. Ta karɓi ledar ta leƙa, ta ce yau dai na tuna ina da yaya. Muka zauna a inuwar dogon yaron da ke bayan ɗakinta. Can na ce mata tsoro nake ji, tun ranar nan abinci ba ya yi mini daɗi, in na rufe ido abin nan nake gani. Na ce rashin sani ya fi mini ciwo a kan kowace amsa.

Ta ajiye carbinta a cinya. Ta ce, "Na Babba ma ni anka ba. Ni nik kai ta da hannuna, ni nik karɓo takardar. Da ƙafafunai ya shiga asibitin ga, yana yi wa masu gadi ba'a. Ranar da anka karanta mashi takardar ya juya fuska bango, bai ƙara cin abin kirki ba. Ni hwa ban ƙara ɗaukar wata kwalba in kai. Kai kaɗai kar rage min."

Ashe ba rashin sani ne ya sa ta ba. Ta bi hanyar ɗakin gwajin har ƙofa, ta ce, ta tsaya, ta ga benci ɗin da ta zauna a kai shekara uku da suka wuce, sai ta cusa ledar cikin mayafi ta juyo. Na ji kunyar ihun da na yi mata jiya, na ji tausayinta har idona ya kawo ruwa.

Na ce mata ba takarda ta kashe Babba ba, takardar ta zo ne a makare. Na kwatanta mata duk abin da na gani da idona: hantsakin, zargen, wutar, da yadda na huɗun ya tashi a kan ruwa. Na ce likita ya ce tashin nan alama ce mai kyau, amma alama ba tabbas ba ce. In akwai saura a cikina, yanzu ne ake iya kamo shi, ba sai na fara ramewa ba. Na ce, "Yaya, wannan karon ba ke za ki kai ba. Ni za ni kai, ni za ni karɓo. Ke dai nuna min wurin."

Sai ta miƙe da kyar tana dafa gwiwa, ta ɗauko 'yar fartanya a bayan ƙofa, ta ce in matsa. Ashe a kan wurin nake zaune. Nan gindin dogon yaron ne, kusa da inda aka binne cibiyoyinmu mu uku. Ta hana ni taɓa fartanyar, da kanta ta tona. Kamu ɗaya sai ga murfin tukunya. Ashe ta sa kwalaben ne a cikin 'yar tukunyar ƙasa, ta naɗe su da farin ƙyalle sabo, ta rufe ta liƙe bakin da laka. Har takardar asibitin tana ciki a ninke, ko datti ba ta yi ba. Na ce, "Yaya, har da likkafani? Kin yi min sutura tun ina raye!" Ta ce in rufe mata baki, marar kunya, amma na ga gefen bakinta ya motsa.

Na kai su da sassafe. Mutumin ɗakin gwaji ya ɗaga kwalaben a haske, ya ce lafiyarsu lau, ya tambayi inda aka ajiye su suka yi sanyi haka. Na ce wani firji ne na gargajiya da muke da shi a gida. Aka ce in dawo bayan kwana goma. A kwanakin nan kullum sai na biya Ƙofar Rini bayan kasuwa, mu zauna mu yi hirar mutanen da, ba mai ambaton asibiti. Rabon da mu yi zama irin wannan tun muna yara, kuma na ji daɗinsa.

Ranar karɓar sakamako na fito gida sai na gan ta a ƙofa da mayafinta. Na ce ai mun yi da ke ba za ki je ba. Ta ce ita ba takarda za ta karɓa ba, rakiya ta zo. Haka muka shiga wurin likita tare, ta zauna a kujerar baya tana jan carbi da ƙarfi har ina jin ƙarar 'ya'yansa.

Likita ya karanta a ransa, sannan ya ajiye takardar. Ya ce ƙananan ukun ba abin damuwa. Na huɗun kuwa ya kama hanyar lalacewa, amma bai kai ba, kuma gefensa duka lafiyayyen nama ne, wato an cire shi kakaf. Ya ce da an bar shi wasu shekaru, da labarin ya sha bamban. Ya ba ni lokacin da zan dawo a sake leƙawa, ya ce kada in yi irin na da. Na ce Alhamdulillahi ya fi sau goma. Wani sanyi ya ratsa ni tun daga ƙeya har tafin ƙafa, na ji yunwa ta taso mini nan take, irin wadda rabona da ita tun kafin in ga jinin nan.

Har mun miƙe sai Yaya ta yi magana, karo na farko.

"Likita, na wanmu da ya rasu, shi ma haka ya faro? Ɗan wanga abu?"

Likita ya juyo ya dube ta. Ya ce, "Hajiya, ban ga nasa ba. Amma yawanci haka suke farawa."

"Kuma da an gan shi da wuri, da hakanan za a ɗebe shi, shi tashi shi tahi gida?"

"Mai yiwuwa ne ƙwarai, Hajiya. Rai dai na Allah ne."

Ta gyaɗa kai, ta fita. Na same ta a kan benci a baranda ta rufe fuska da mayafi tana kuka, kukan da ba ta yi ba ranar da aka fita da Babba, don ranar ita ce mai ba kowa haƙuri. Na zauna kusa da ita, ban hana ta ba. Mutane suna wucewa suna yi mana kallon waɗanda aka gaya wa mugun labari, wata mata har ta tsaya ta ce Allah Ya ba mu haƙuri.

Da ta gama ta share fuska, ta fyace hanci, ta dube ni da jajayen idanu.

"Da zahi?"

"Babu, Yaya. Maganin wankin cikin dai ne azaba."

"Suna rufe mutum?"

"Ruf. Kuma akwai mace a ɗakin, ita ke riƙe zargen."

Ta gyara mayafinta, ta miƙo mini hannu in tayar da ita. Ta ce, "Koma ka ce ma likitan naka shi ba ni rana. Amma in sun ciro wani abu, kai za ka riƙe kwalbar, Auta. Kada ka bari su ba ni."